KESO: NAZARI A KAN LAMBA 20,000 DA MATSAYINTA A ƘIDAYAR HAUSAWA

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkara irin tamu ta Kaikai, cikin ƙasar Kusada, ya san keso, wato tsohuwar tabarma wadda ta gaji da shimfiɗa, ake yagar ta a toshe ɓarakar danga ko a yi wa kaji inuwa. Ni kaina iyakar abin da na san kalmar tana nufi ke nan, sai da na zo jami'a na shiga bin ƙamusun Hausa na da, irin na Bargery wanda aka buga a 1934, sa'an nan na tarar ashe keso sunan lamba ne kuma. A zamanin da ake ciniki da wuri, in an ce keso guda ana nufin wuri 20,000, wato zambar ashirin, domin adadin da ake ɗurawa ke nan cikin buhun tabarma a ɗinke bakinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce a ɗauki lambar nan a feɗe ta yadda masana lissafi ke yi, a ga da me aka gina ta, da kuma aji nawa take shiga. Abin da nake so in nuna shi ne, ginin cikinta ya dace da hannun mai ƙirga da bukatun kasuwa, kuma ginin nan dai shi ne ke kayar da ita in ta je gaban mai rabon gado. Har ila yau ina zaton ya bar sawu a kan kalmomin ƙidayarmu. Wannan zato na ƙarshe shi ya ba ni ƙarfin halin kawo maganar lissafi cikin mujallar Sashen Hausa.

2.0 Yadda ake ƙirga keso

A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka Tasawa, a Jamhuriyar Nijar ta yau. Can ya ga wani ya ƙirga wuri 500,000, da taimakon mutum biyar ko shida, kuma ya rubuta yadda aikin yake. A ƙasar Hausa ba a tsire wuri cikin zare kamar yadda ake yi a wasu wurare na bakin teku; sako-sako yake. Mai ƙirga yakan ja shi biyar-biyar da yatsu, ya tara tsibi-tsibi na 200 ko na 1,000. Ya kuma ambaci buhunan da sarakuna ke ɗurawa masu cin 20,000, ya ce duk da haka ba wanda zai karɓi buhu bai zazzage ya ƙirga ba. Daga Tasawa ya zo Katsina, ya biyo hanyar fatake ta Kusada da Bichi, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu. Ke nan buhunan da muke magana a kansu sun sha ratsawa ta ƙasarmu a bayan jakuna da takarkarai. A Kano kuwa ya tarar liyari guda, wato dalar azurfa, tana cin wuri 2,500. Keso guda ya zama liyari 8 cif.

To, a lura da matakalar. Ja huɗu na biyar-biyar su ne hauya, wato 20. Hauya biyar ita ce zangu, wato 100. Hauya goma ita ce metan, tsibin 200. Tsibi biyar su ba da zambar guda, zambar ashirin su cika keso. Mai ƙirga keso sai ya kai hannu ya jawo sau 4,000. Abin da aka ƙirga a Tasawa keso 25 ne, ja 100,000. Kuma ba Hausawa kaɗai suka tsaya a kan wannan adadi ba. Yarbawa ma buhunsu na wuri 20,000 yake ci, suna kiran sa ọkẹ́, kuma kalmar ta zauna cikin ƙidayarsu da wannan ma'ana.

3.0 Ginin lambar

Kafin a ci gaba dole a shirya kan 'yan kalmomi. Lambar da ta raba wata ba tare da saura ba zan kira ta juzu'i, bin malaman hisabi na da. Lambar da ba ta da wani juzu'i sai ɗaya da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11, zan kira ta gagara-rabo. Cika da mara kuwa namu ne tun fil azal, yara ma suna wasa da su: cika ita ce mai rabuwa biyu daidai, mara ita ce mai barin ɗaya.

Tun zamanin Uƙlidis aka san cewa kowace lamba ana iya warware ta zuwa gagara-rabo waɗanda in an ninka su za su mayar da ita, kuma masana na baya sun tabbatar hanyar warwarewar guda ce tak. In muka kama keso muka yi ta raba shi biyu, za mu sami 10,000, sai 5,000, sai 2,500, sai 1,250, sai 625. Nan biyu ta ƙare aikinta, domin 625 mara ce. Sai biyar ta karɓa: 125, 25, 5, 1. Saboda haka:

20,000 = 2 x 2 x 2 x 2 x 2 x 5 x 5 x 5 x 5

Biyu sau biyar, biyar sau huɗu, ba kuma wani abu. Babu uku a ciki, babu bakwai. Dukkan abin da zai biyo baya daga wannan layi guda ya fito.

Juzu'an keso 30 ne, kuma ba sai an neme su da lalube ba. Biyu tana iya shiga cikin juzu'i ta hanya shida (ko kada ta shiga sam, ko ta shiga sau ɗaya har zuwa sau biyar), biyar kuma ta hanya biyar. Shida sau biyar talatin. Ga su:

1, 2, 4, 8, 16, 32
5, 10, 20, 40, 80, 160
25, 50, 100, 200, 400, 800
125, 250, 500, 1,000, 2,000, 4,000
625, 1,250, 2,500, 5,000, 10,000, 20,000

Mai karatu ya duba jerin nan da kyau. Ja guda na 5 yana ciki, hauya tana ciki, zangu da tsibin 200 da zambar duk suna ciki, har da 2,500 na liyari. Babu mataki ko guda na ƙirgar wuri da ke barin ɓarɓashi a gindin buhu.

4.0 Azuzuwan da take shiga

Rabon lambobi aji-aji da malaman Musulunci suka yi amfani da shi ya samo asali ne daga littafin Nikomakus, mutumin Jarash, wanda ya rayu wajen shekara ta 100 Miladiyya. Sabitu bn Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, shi ya mai da littafin Larabci. A nan an kasa lambobin cika gida uku. Akwai wadda za a yi ta raba ta biyu har a iso ɗaya, kamar 64. Akwai wadda rabo guda ake yi mata a faɗa kan mara, kamar 50. Sa'an nan akwai ta tsakiya, wadda take jure rabo fiye da ɗaya amma daga ƙarshe ta tsaya kan marar da ta wuce ɗaya. Keso a gida na uku yake, kuma juriyarsa ba kaɗan ba ce: abokan ciniki 32 za su raba shi kowa ya tashi da 625.

Kaso na biyu ya fi ban sha'awa. Akan tara juzu'an lamba duka, ban da ita kanta, a gwada jimlar da ita. In sun yi daidai, lambar kammalalliya ce, kamar 6, wadda take 1 da 2 da 3, ko 28, 496, da 8,128. Irin waɗannan suna da wuyar samu ƙwarai, don bayan 8,128 ba a sake cin karo da wata sai 33,550,336. In jimlar ta kasa, lambar naƙisa ce. In ta zarce, za'ida ce. Jimlar juzu'an keso tana da sauƙin samu daga jerin da ya gabata. Layin farko ya tashi 63, kan kowane layi kuma (1, 5, 25, 125, 625) ya tashi 781, sai a ninka: 63 sau 781 ya ba da 49,203. A ɗebe 20,000, saura 29,203. Keso dai za'idi ne, da rarar 9,203.

Ba murabba'i ba ne kuma. In an jera wuri sahu 141, kowane sahu 141, za a ci 19,881, a bar 119 a hannu. Sahu 142 kuwa sai an nemo ƙarin 164. Amma murabba'i biyu ne na ɗari sau ɗari a haɗe. Wannan yana da fassara a gona. Hekta guda mita 100 ce tsawo, 100 faɗi. In manomi ya ratsa ta daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, tsawon da ya taka shi ne saiwar 20,000, wato mita 141 da 'yan kai, kimanin 141.42. Wannan 'yan kai ba ya ƙarewa kome nisan da aka bi shi, ba kuma a iya rubuta shi da kashi kaza cikin kaza. Larabawa suna kiran irin wannan saiwa kurma.

Maƙwabtansa na jikin bango ba su yi kama da shi ba ko kaɗan. 19,999 bakwai ce sau 2,857, juzu'anta huɗu kacal. 20,001 kuwa 3 ce sau 59 sau 113. Gagara-rabo mafi kusa ta ƙasa ita ce 19,997, ta sama kuma 20,011. Wato in ɓera ya ja wuri uku daga buhu, abin da ya rage ba zai rabu daidai tsakanin mutum biyu ba, ko biyar, ko ɗari, sai dai a nemo mutum 19,997 kowa ya ɗauki ƙwaya guda.

5.0 Inda keso ke tsayawa da inda yake faɗuwa

A kan haƙƙoƙin da shari'a da al'ada suka ɗora wa dukiya, keso ba ya gardama. Zakkar kuɗi, ɗaya cikin arba'in, 500 ce. Humusi 4,000. Ɗaya cikin goma 2,000, rabinsa 1,000. Dalili a fili yake, 40 da 5 da 10 da 20 duk da biyu da biyar aka gina su.

Matsala tana tasowa ne wajen gado. Rabon da aka yanka wa magada shida ne: nusufi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Ukun farko 'ya'yan biyu ne, keso yana ba da su nan take: 10,000 da 5,000 da 2,500. Ukun ƙarshe kuwa uku suke nema, ita ce kuma babu. Wasiyya ma iyakarta sulusi, sulusin keso kuwa 6,666 ne da saura biyu. Haka nan in za a raba tsakanin ɗa da 'ya, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya, rabo uku ke nan aka yi.

Mu ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa guda, dukiyarsa bayan biyan bashi keso guda. Mata tana da tumuni, uwa sudusi, saura na ɗa. Masu ilmin fara'ili sukan nemi ƙaramar lambar da takwas da shida duka za su raba, ita ce 24, su kira ta asalin mas'ala: mata kashi 3, uwa kashi 4, ɗa kashi 17. To 24 ba ta cikin jerin juzu'an keso. In an raba, kowane kashi 833 ne, wuri takwas su yi saura. Rabon matar yana fita lafiya, 2,500, amma na uwa 3,333 ne da sulusin wuri, wuri kuwa in an fasa shi ya tashi daga kuɗi.

Akwai wani abin dariya a nan. A da, in hukuma ta raba gado akan cire ushira, ɗaya cikin goma. A cire 2,000 daga keso, saura 18,000, wadda take 24 sau 750 ba ragi. Nan take mata ta sami 2,250, uwa 3,000, ɗa 12,750, kowa ya tashi ba ɓarɓashi. Abin da ya faru shi ne, duk dukiyar da aka cire mata ɗaya cikin goma an bar tara cikin goma, tara kuwa uku ce sau uku, sai ga ukun da ake nema ta shigo ta bayan gida. Ba na cewa don a sauƙaƙa lissafi aka ƙago ushira. Magada da yawa sun gwammace a bar su da ɓarɓashinsu. Dace ne kawai na lambobi.

Wani zai ce me ya hana a cika buhu da lambar da ta fi wannan biyayya? Ga ta nan kusa: 20,160, wato keso da hauya takwas. Ita 2,520 ce sau takwas, 2,520 kuwa ita ce ƙaramar lambar da kowace lamba daga ɗaya zuwa goma ke rabawa. Juzu'an 20,160 har 84 ne, kusan ninki uku na keso, kuma 24 tana raba ta sau 840. A wurin alƙali ta fi keso nesa ba kusa ba. Amma fa ba ta rabuwa zangu-zangu, ba ta rabuwa tsibin 200, ba ta rabuwa zambar. Mai ƙirga da ya wuni a tsugune yana bukatar ya dubi tsibi ɗari a gabansa ya san buhu ya cika, ba tare da ya riƙe wani ragowa a ka ba. Ƙirga aikin kullum ne a kasuwa, rabon gado kuwa sai an yi rasuwa.

Rashin ukun nan yana fitowa a wani fage kuma, wato hatimi, kuma a nan lissafinsa nake nufi, ba amfanin da ake yi da shi ba. Katsina ta haifi gwani a wannan fanni, Muhammadu bn Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, mai littafin Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta wajen 1732 yana bayanin yadda ake gina hatimai masu gidaje mara. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin sanannen marubucin tarihin Masar. A hatimi mai gida uku-uku, jimlar kowane layi dole ta zama ninki uku na lambar da ke tsakiya; shi ya sa mai 1 zuwa 9 yake da 5 a ciki, layinsa kuma 15. Ke nan babu hatimi uku-uku na cikakkun lambobi da layukansa duka za su tashi 20,000. Mai gida biyar-biyar kuwa ba wuya: a sa 4,000 a tsakiya, a jera lambobi 25 daga 3,988 zuwa 4,012 bisa ƙa'ida, kowane layi zai ba da keso.

6.0 Sawun da ya bari a harshe

Yanzu mu dawo gida. Cikin ɗaruruwa, waɗanne ne Hausa ta aro musu kalma guda daga Larabci ta riƙe? Metan, 200. Arbaminya, 400. Hamsaminya, 500. Sauran kuwa ɗari uku, ɗari shida, ɗari bakwai, ɗari tara muke cewa, alhali Larabci yana da sunayensu duka, kuma malaman da suka kawo mana ashirin da talatin da sittin sun san su. Ukun da suka zauna duk juzu'an keso ne, kuma duk suna raba alfyan, wato 2,000. Huɗun da na lissafa ba ko ɗaya da yake juzu'insa. A nawa ganin kalmomin da suka rayu su ne waɗanda bakin mai ƙirgar wuri ya saba furtawa, domin su ne tsibin da yake tarawa.

Sai dai ban ɓoye raunin wannan ra'ayi ba. Na farko, 800 juzu'in keso ce, amma ɗari takwas muke ce mata. Na biyu, a dubbai ƙa'idar ba ta aiki: masu cinikin wuri sukan ce talata suna nufin 3,000, sitta 6,000, saba'a 7,000, kamar yadda suke cewa arba da hamsa, alhali ukun farko ba sa raba keso. Amsar da nake da ita ita ce, dubbai farashi ne, kaya kuwa yana iya kai kowane farashi, amma ɗaruruwan nan ma'aunin tsibi ne. Ko wannan amsa ta gamsar, malamaina na ilmin harshe su suka fi ni sani; ni dai na fi karkata gare ta.

Da Turawa suka kawo kuɗinsu, uku ta samu shiga aljihun Bahaushe. Fam guda sule 20 ne, sule kwabo 12, fam ke nan kwabo 240, lamba mai juzu'i 20 wadda 24 ke rabawa sau goma. Sulusin fam sule shida ne da kwabo takwas, ba saura. Taro da sisi da nai duk 'ya'yan uku ne. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka koma naira mai kwabo 100, juzu'anta tara, biyu da biyar zalla, sai muka koma gidan jiya. Jaka, wadda take fam 100, ta zama naira 200, adadin tsibin da Barth ya gani. Yau in 'yan'uwa uku za su raba naira 20,000, kowa zai ɗauki 6,666 da kwabo 66, kwabo biyu su yi saura, ga shi kuwa kwabon ma ba a ganin sa a kasuwa.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Tasawa su ne ba su saki tsohuwar hanya ba. Har gobe da dala suke lissafin kuɗinsu na sefa, dala guda kuwa tamma biyar ce, dala 200 kuma jika. In mai saye ya miƙa takardun da aka rubuta wa jimlar 20,000, abin da ke hannunsa jika ashirin ne, wato dala 4,000, daidai da yawan jan da mai ƙirgar wuri yake yi kafin ya ɗinke bakin keso.